Baba Mai Jan Kati

Ina shanya a tsakar gida labarin ya iske ni. Abokin aikin mijina ne ya kawo shi, da hular marigayin a hannu. Mijina ya kashe wuta ya shiga gyaran injin niƙa, ya rataya hularsa a makunni, yadda suka saba a lokacin. Wani ya ɗauka mantuwa ce, ya cire, ya kunna.

"Yaya, ni ne na cire ta," in ji shi, yana durƙushe.

Shekara tara ban amsa gaisuwarsa ba.

Tun daga ranar shi ke riga kowa zuwa masana'anta, kwaɗuna na kacau-kacau a ƙugunsa. Duk sabon ma'aikaci sai ya bi ta hannunsa: kashe wuta, datse makunni da kwaɗonka, rataya jan kati mai sunanka, makulli a aljihu, sannan ka gwada kunnawa ka tabbata injin ya mutu. Wanda ya rataya, shi kaɗai ke cirewa. Ma'aikata na tsokanarsa, wai ko butar shayi sai ya sa mata kati, har suka raɗa masa suna Baba Mai Jan Kati.

"Ku yi dariyarku," yakan ce, "da yatsunku goma kuke tafa min."

Wata rana aiki ya tsaya, manaja ya ce a yanke wani kwaɗo, ai mai shi ya tashi tuntuni. Baba ya jingina bayansa da makunnin.

"Ranka ya daɗe, sai na ga mai katin da idona."

"Korar ka zan yi!"

"To, bayan na gan shi."

Aka leƙa can ƙasan injin. Ɗana ne, da shi ma ya kama aiki a masana'antar, kwance yana ɗaure kusoshi, bai ma ji hayaniyar ba. Washegari ni na je gidan Baba gaisuwa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Baba, kai ne ka hana a sake kawo min hula. Ban iya dogon rubutu ba, amma na gode, Allah ya saka. Ku da ya koyar, don Allah kada katin ya bi shi gida.

Ni dai har yau, in ɗana zai fita da safe, da furfurarsa da komai, sai na taɓa aljihunsa na ji kwaɗon.