Agarar Baba

Ina aji biyar na sakandare agarar Baba ta tsinke, wato jijiyar nan ta saman dunduniya. Kwatar ruwa ya tsallake a gonarmu ta shinkafa a Kura. Mai ɗori ya duba ya ce babu karaya, sai asibiti. A Kano aka yi masa aiki, kullum fargabarsa kada ƙafar ta raba shi da gona.

Ranar da aka kwance bandeji, ya leƙa ya ga 'yar tsaga ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Uwata," ya ce mini, "anya mutanen nan sun yi aikin? Ko sakiyar wanzami ta fi wannan. Tambaye su."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Sai na rubuta tambayar na miƙa wa likita.

Likita ya yi dariya. "Baba, ta 'yar kafar nan muka zura zare muka ɗinke, don ciwon ya warke da wuri."

Ya kwantar da shi rubda-ciki, ya matsa sha-raɓarsa. Ƙafar ta motsa da kanta.

"Da agarar a tsinke take, ƙafar ba za ta motsa ba," in ji likita.

Baba ya waiwayo yana murmushi, ya ce a sake, shi bai gani ba.