Damin da Muhtari Ya Mayar

Ranar da Muhtari ya miƙe gaban dattawan ƙauyensu zai kare gonarsa, sai da ya yi gyaran murya har sau biyu, kana ya zaro littafin karatunsa daga aljihu. Yana buɗewa, ƙamshin ƙuli ya cika zauren. Shafin da ya yi sati yana bita babu shi, na kusa da shi kuma ya sha mai har ana hango yatsa ta baya. Ashe matarsa Zuwaira ta rasa takardar ƙunshi ranar Kasuwar Daji, ta ga littafi ajiye, ta yagi rabonta. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Malam, wannan hujja taka da yaji aka cin ta?" Aka kwashe da dariya, har da wanda ya zo yi masa rakiya.

Muhtari manomi ne, ɗan wani ƙauye bayan Kuryar Madaro. Karatunsa na boko a aji uku ya tsaya. Shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka kore shi, ya kwaso iyali ya kama ɗaki biyu a Ƙauran Namoda, yana dako a tasha. Gonar gadonsa, mai tsamiya a tsakiya, ya ba maƙwabcinsa Bawa aro, don Bawa ya ce ba shi da inda zai gudu. Aron gona a can yana da ƙa'ida. Kowace kaka mai aro yakan kawo wa mai gona damin dawa ɗaya a gaban mutane, ba don damin zai cika rumbu ba, sai don kowa ya gani da idonsa cewa ƙasar da mai ita. Kaka biyu Bawa yana ɗauro damin a bayan babur har Ƙaura.

Sai wata ƙungiya ta buɗe aji ga 'yan gudun hijira, duk Asabar, ana koyar da haƙƙin talaka da yadda adalci ya kamata ya zauna tsakanin jama'a. Wasu sun je don lemon kwalba. Muhtari ya je ya zauna a bencin yara, gwiwa har haɓa, wata tara bai yi fashi ba. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya sake. Ya daina yi wa Zuwaira tsawa. Ya mayar da 'yarsa Hamida makaranta. Rabon tallafi in ya zo unguwa, shi ke tsayawa sai an fara da zawarawa, ko da shi zai tashi hannu wofi, kuma sau da yawa hakan ake yi. 'Yan majalisar mai shayi suka laƙa masa Lauya, ya amsa abinsa.

A kaka ta uku Bawa ya iso da dami, ya rame, idanu sun faɗa. Muhtari ya dubi damin, ya dubi mutumin da ya nome shi yana waiwaye kowane taki.

"Yaya Bawa, mayar da abinka. Kai ka yi noma bakin bindiga, ni ina nan cikin gari. In na amsa na zalunce ka."

"Muhtari, amshi ko zangarniya guda. Haka aka gada."

"Abin da aka gada ba duka na daidai ba. An koya muna."

Zuwaira daga bayan labule ta ce, "Malam, ko don tuwo ka amsa." Bai ko juya ba. Daga ranar Bawa ya bar ɗaukowa, har aka yi kaka uku ba dami.

Bara aka harbe Bawa yana girbi, ƙarƙashin tsamiyar nan. Bana da hanya ta ɗan lafa, Muhtari ya je duba gonarsa, ya tarar da Jabir, babban ɗan marigayin, magidanci mai 'ya'ya huɗu da marayun ƙanne bakwai a wuyansa, ya riga ya yi shara. Jabir bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai ya ga Baba ya daina kai dami, kuma a saninsa wanda ya daina kai dami an bar masa ne. Shaidun aron su biyu ne, ɗaya yana kabari, ɗaya ya tsallaka Nijar ba a san garin ba.

Abin da ya kai su zauren ke nan. Da dariyar ƙuli ta lafa, Muhtari ya yi bayani da ka, kuma ya yi shi tsaf, har da batun tausayin mai rauni. Dattawa suka saurara, suka jinjina kai, sannan babbansu ya yi tambaya ɗaya: wa ya ga dami a shekara ukun nan? Ba wanda ya gani. Aka bar wa Jabir gona, aka ce Muhtari ya yi haƙuri, Allah ya ba shi ladan niyyarsa.

Yanzu ajin ma an rufe, malaman sun ce hanya ba ta biyuwa. Muhtari na nan tasha da buhu a ka, ya haura hamsin, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa da zai bar wa Hamida. Littafin yana aljihunsa har yau, da mansa da komai.

Shekaranjiya da hantsi ya zauna shan shayi, sai Ɗanasabe ɗan acaɓa, wanda tasa gonar a Badarawa ta daɗe da zama daji, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Lauya! Wai ina adalcin nan da kuka karanta, yaushe za ya iso? Mutane na karatu su samu gona, kai ka yi karatu ka ɓatar da taka!"

Muhtari ya hura shayinsa, ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Ba ya isowa, Ɗanasabe, kar ka jira shi. Amma ni na san sunan abin da aka yi mani. Kai shekara nawa ana yi maka shi, kana duƙawa kana cewa mun gode?"