Shafi Biyu da Injin Fotokofi Ya Tsallake

Yayana Sagren shekara talatin da huɗu ya yi yana gwada masu neman lasin tuƙi a nan Durban, kuma ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da ya ce ya ji daɗin zama kusa da shi a mota ba. Ya taɓa kayar da ɗan maƙwabcinmu saboda bai leƙa madubi ba kafin ya ja motar, alhali ko akuya babu a filin. Da uwar yaron ta zo gida tana roƙo, sai ya ɗauko mata littafin dokokin hanya ya buɗe mata shafin. Haka Allah ya yi shi. Ba ya cin hanci, ba ya ƙarya, ba ya zagi, amma zama da shi sai mai haƙurin gaske. Mu uku ne a wurin iyayenmu: shi ne babba, ni Vanitha ta tsakiya, sai autanmu Yogan. Wanda ya taɓa zama na tsakiya tsakanin maza biyu masu taurin kai ya san irin aikin da na yi a rayuwa ba albashi.

A 1987 ne Sagren ya shigo mana da wasan. Sunansa Takobi da Fitila. Mutum ɗaya ne yake riƙe littafin dokoki, yana ba da labarin wata duniya ta dodanni da matsafa, sauran kuma kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda: sunansa, ƙarfinsa, kayan da ke jakarsa. Kai za ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan lido, mai riƙe littafi ya duba doka ya gaya maka ko ka ci ko ka faɗi. A wancan zamanin irin waɗannan littattafai ba sa shigowa ƙasar nan da sauƙi. Abin da Sagren ya samo fotokofi ne na wani fotokofin, daga hannun wani ɗalibi da shi ma a wurin wani ya ara. Rubutun ya yi dishi-dishi, ƙasan kowane shafi ya yanke, har lambobin shafukan sun tafi. Bayan shekara biyu kamfanin da ya buga littafin ya rushe, ba a sake bugawa ba. Sagren ya sa wa takardun nan bango mai kauri, ya riƙe su kamar wasiyyar Baba.

Tun daga lokacin, kowace Lahadi da ƙarfe biyu, muna garejinsa a unguwar Chatsworth. Matarsa Selvie ta kawo samosa da shayi ta koma ciki tana girgiza kai. Mutane sun zo sun tafi, amma ni da Bheki, abokin Sagren da ya yi aikin gidan waya, ba mu taɓa fashi ba sai da dalili.

A teburin Sagren mutuwa ba ta da roƙo. Dokar tana nan a ƙarshen wani shafi: idan ƙarfin jarumi ya ƙare, ya faɗi ƙasa, ba ya motsi. Ka juya shafi, sai bayanin yadda ake raba kayan mamaci. Shi ke nan. Duk wanda jaruminsa ya faɗi, Sagren zai miƙa hannu ya karɓi takardar, ya rubuta kwanan wata a sama, ya saka ta cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Maƙabarta muke kiran gwangwanin. Ni a wasan mai magani ce, kuma abu ɗaya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: a jerin kayan da jarumi zai iya saya akwai ƙyallen ɗaure rauni, amma duk littafin babu inda aka ce ga amfaninsa. Na tambaya har na gaji. Amsar kullum ɗaya ce: "Abin da ba a rubuta ba, babu shi."

Yogan yana da wani maharbi mai suna Belkoro. Shekara tara ya yi yana wasa da shi, tun yana ɗan makaranta har ya yi aure. Ya zana masa hoto, ya ƙirƙira masa uwa da gari da tsohuwar budurwa. Wata Lahadi a 1998, kibiya ɗaya ta sami Belkoro a kan wata gada, ƙarfinsa ya ƙare. Sagren ya miƙo hannu.

Yogan ya danne takardar da tafinsa. Ya ce, "Haba Yaya, tsaya mana. Ga Yaya Vani tsaye a kansa da jakar magani. Mutum ya faɗi, ko a taɓa shi a ji ko yana numfashi ba za a yi ba?"

Na ce, "Zan ɗaure masa raunin. Ina da ƙyalle har shida, tun bara nake yawo da su."

Sagren ya ce, "Nuna mini a littafi."

"Littafin banza! Wane mahaukaci ne zai sa ƙyalle a kasuwa bai faɗi amfaninsa ba? Akwai abin da ya ɓace a takardun nan naka."

"Ba abin da ya ɓace. Ba ni takardar."

Yogan ya miƙe, ya jefa masa ita a ƙirji. Ya ce, "Riƙe. Kai dama takarda ta fi maka mutum." Ya fita ko samosarsa bai ƙarasa ba.

Na ɗauka fushin mako biyu ne. Shekara ashirin da shida aka yi. Ba wai sun daina gaisawa ba ne, wannan ai da ya fi sauƙi. A wurin biki su gaisa, a wurin mutuwa su tsaya kafaɗa da kafaɗa, "ya iyali" "lafiya lau", kowa ya kama gabansa. Tsakanin gidajensu tafiyar minti goma sha biyu ce a mota, amma ba wanda ya taka ƙofar wani. Ni ce gidan waya. "Ki gaya masa rufin gidan Mama yana yoyo." "Ki gaya masa na ji." Manyan mutane masu furfura, a kan wani maharbi da bai taɓa shan ruwa a duniyar nan ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, ko gezau.

Duk shekarun nan Sagren yana neman littafin na asali. Ya bi kasuwannin gwanjo, ya rubuta wa mutane wasiƙu har ƙasashen waje. Da ya ajiye aiki bara, 'yarsa Deshni ta samo masa shi a wurin wani tsoho a Kanada, ta ba shi a wurin walimar ajiye aikin. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har na ji ya ba ni tausayi.

Lahadi uku a jere bai fito da littafin ba. Ya ce wai yana nazari. A ta huɗu Bheki ya ce, "Malam, ko dai tsohon nan na Kanada littafin girki ya aiko maka?" Sagren ya shiga ciki ya fito da shi, ya ajiye kusa da tsohon fotokofinmu, ya buɗe su wuri ɗaya. A namu, daga "ya faɗi ƙasa, ba ya motsi" sai rabon kayan mamaci. A na asalin akwai shafi biyu cur a tsakani. Wanda ya yi fotokofin farko ya haɗa ganye biyu ya juya, injin bai gan su ba. Kuma ga abin da ke ciki: jarumin da ya faɗi bai mutu ba, suma ya yi. Abokansa suna da zagaye uku, wato jifan ɗan lido sau uku, su ɗaure masa rauni da ƙyalle, ya tashi.

Bheki ya kalli gwangwanin biskit, ya ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

"Arba'in da uku."

"Tirƙashi. Wato da ransu muka binne su."

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Yaya, ɗauki waya ka kira Yogan."

Mai hankali da ya kira. Yayana sai ya ce a'a, akwai abin da ya kamata teburi ya fara warwarewa: shin dokar da aka gano yau tana aiki a kan abin da ya wuce? Lahadi uku muka ƙone a kan wannan tambaya. Ba wasa, ba dodo, ba komai, sai muhawara. Ya zo da allo. Ya raba mamatan gida-gida: waɗanda suka faɗi su kaɗai ba kowa kusa, waɗanda wuta ta cinye, waɗanda suka faɗi a cikin jama'a. Bheki, wanda jarumansa goma sha ɗaya ke cikin gwangwanin, ya dage sai an tashe su duka a ba shi haƙuri a rubuce. Selvie ta leƙo ta ce idan an gama shari'ar gawawwakin a kwashe mata kofuna. Ni kuwa kaina kamar ya tsage.

A Lahadi ta uku Sagren ya kawo hukuncinsa, yana ta murna da kansa. Ya ce dokar ta ce sai wani ya yi yunƙurin ɗaure raunin cikin zagaye uku. Tun da ba wanda ya taɓa yi, ko da shafukan suna nan duk da sun mutu. Saboda haka ba a zalunci kowa ba.

Na buga teburi har shayi ya zube. Na ce, "Ba wanda ya yi? Ni fa? Ranar gada ban ce zan ɗaure wa Belkoro ba? Ka ce in nuna maka a littafi!"

"Ban tuna ba."

"To duba rubutunka, tun da ba ka yarda da bakin mutum."

Domin yayana yana rubuta duk abin da ya faru a kowane zama, littattafan makaranta sun fi hamsin a kan kanta. Ya ɗauko na 1998, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa. Yatsan ya tsaya. Da hannunsa ya rubuta: Vanitha ta nemi ta ɗaure raunin, an hana. Sannan ya cire tabarau ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki kai ni gidan Yogan."

Ni na tuƙa. A hanya sai da ya gaya mini sau biyu cewa ban ba da sigina da wuri ba. Littafin yana kan cinyarsa, takardar Belkoro a ciki.

Yogan ne ya buɗe ƙofa, da gajeren wando da tsintsiya a hannu. Sagren bai ce sannu ba, bai ce yi haƙuri ba. Ya buɗe littafin ya miƙa masa, ya ce, "Shafi na sittin da biyu da na sittin da uku. Kai ne da gaskiya. Belkoro suma ya yi."

Yogan ko kallon shafin bai yi ba. Ya ce, "Zagaye uku, da ƙyalle. Na sani."

"Ka sani?"

"Tun 2009. Wani ya sa hoton shafukan a intanet, na gani."

Na ce, "Kai Yogan! Shekara goma sha biyar kana sane, ina ta zirga-zirga tsakaninku kamar ƙwallo, ba ka buɗe baki ba?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya Vani. Da na kawo masa shafin, da a ranar zai ba ni gaskiyata, na sani. Ni ba ita nake jira ba. So nake in ga ko zai zo ƙofar nan wata rana ba tare da littafi ya ba shi izini ba." Ya dubi Sagren. "Ga shi kuwa ka zo da shi a hannu."

Na ce a raina shi ke nan, an sake wasu shekaru ashirin da shida, kuma ba lallai mu kai ba. Sai Sagren ya rufe littafin, ya juya, ya sauka matakala, ya buɗe motata ya ajiye shi a kujera, ya rufe. Ya dawo ya hau matakalan nan a hankali. Ƙofar a buɗe take, ƙaninsa yana tsaye a bakinta, amma sai da ya ƙwanƙwasa. Ya nuna tafukansa biyu.

Ya ce, "Na zo."

Yogan ya ce, "Wannan ba ya cikin lissafi."

"Me ya sa? Cewa ka yi ba littafi. Ina littafi?"

"Yana mota! Shi ya kawo ka!"

"Ba ka ce kada ya kasance a mota ba."

"Haba Yaya, kai ma ka san abin da nake nufi!"

"Abin da kake nufi daban, abin da ka faɗa daban."

Na ratsa ta tsakaninsu na shige kicin, na tarar da matar Yogan ta riga ta ɗora ruwan shayi tana leƙe ta taga. Minti arba'in suka yi a bakin ƙofar nan suna ɗaga wa juna murya, har maƙwabta suka fito. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar kicin, haushi ya cika ni har wuya, hawaye yana zuba, don rabon da in ji su biyun suna faɗa da juna baki da baki, ba ta bakina ba, tun Mama tana da rai.