Rigar Baba ma ta ci nama

Miyar ta tsiyayo daga cikin burodin, ta sauka a ƙirjin farar rigar Baba, ga shi saura kaɗan a kira sallar Juma'a.

Baba surukina ne. Tun da aka cire masa haƙoran tauna bai ƙara cin nama ba. In na sa masa tsoka, sai ya tura wa jikoki ya ce ya ƙoshi.

Shi ya sa na gwada wani girki da na gani a waya: niƙaƙƙen nama cikin miyar tumatir, a cusa a burodi. Mu a Dungas ina muka ga injin niƙa nama? A turmi na daka shi har kafaɗuna suka yi tsami. Na soya da albasa da tattasai, na bar shi ruwa-ruwa don ya jiƙa burodin. Ashe ruwan ya yi yawa.

Na taso da tsumma da sauri. "Baba, ku yi haƙuri, bari in goge."

Ya ɗaga mini hannu, bakinsa cike. Sai da ya haɗiye ya ce, "Bar ta, 'yar nan. Ita ma rigar ta daɗe ba ta ga maiƙon nama ba. Da saura?"

Biyu ya ci, ya sake riga, ya tafi masallaci. Sai lokacin na yi ajiyar zuciya.

Ku masu tsofaffi a gida, in sun ce sun ƙoshi, kuna duba dalili kuwa?