Kawu Sale da Allinsa

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya rufe ƙofa sau ɗaya. Sai ya rufe, ya kasa kunne, ya buɗe, ya sake rufewa. Aikin kamfanin harhaɗa motoci a Kaduna ya bar masa wannan. Shi ne a ƙarshen layi, mota ba ta fita sai ya ce ta wuce, in kuwa ya ga aibi ya shata mata alli. Da ya yi ritaya ya dawo Maska da allin a aljihu, mu muka zama motocin.

Ran nan matarsa Inna Rabi ta kawo tuwo, ya tarar da gudaji biyu, ya shata wa kwanon alli.

"Malam, mene ne haka?"

"A mayar da shi layi."

Ta ce, "To ai layin ya tashi, sai gobe."

Ya goge allin da hannun riga. "An yi masa sassauci."

Na tashar Funtua kuwa da idona na gani. Mota ta cika za ta Malumfashi, Kawu ya tsaya a gabanta ya ɗaga hannu. Wai a kamfaninsu ko mai shara ya ga matsala yana da ikon tsayar da layi. Fasinja na ta tsaki, direba na cewa, "Baba, don Allah matsa." Kawu ya nuna tayar baya. Aka sa sifana, sai ga noti uku suna juyawa kamar ba a taɓa ɗaure su ba. Direba ya ɗaure su ya ce, "Baba, shigo gaba."

"Ni? Barkono na zo saye."

A gona dokarsa ita ce ba a zagin ma'aikaci, tambaya ake yi har a kai ga tushe. Kunya ta karkace, ya tsare Mamman mai huɗa. Me ya sa? Garma ta goce. Me ya sa? Sa ɗaya yana ja hagu. Me ya sa? Ido ɗaya gare shi. Wa ya sayo sa mai ido ɗaya?

Mamman ya sunkuyar da kai. "Kai ne, Kawu."

Wallahi Kawu hular kansa ya cire ya shata mata alli, ya wuni da ita a ka.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ya sa na raka shi masallaci, ya ce a fito da makara. Ya girgiza ta, ƙafarta ɗaya na rawa. Ya zauna a ƙasa ya gyara da hannunsa yana haki. Na ce, "Kawu, bari mana." Ya ce, "Mutane za su ɗauka a kafaɗa, kada ta wahalar da su."

Shi aka fara ɗauka a cikinta. Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa hisabi mai sauƙi, ya sa ya huta.