Malama Lauratu da Tuwon Baffa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 1991, muna kan layi da safe shugabar makarantarmu ta sanar da mu cewa Malama Lauratu Mijinyawa ta rasu a Kano bayan gajeruwar jinya. Ban iya kuka a gaban mutane ba. Kin san ni, Malama, bakina nauyi gare shi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ke ce kike koyar da mu darasin zamantakewa a makarantar kwana ta 'yan mata, kina kuma binciken jami'a a kan tambaya ɗaya: wa ya raba aiki, ya ce wannan na mata ne, wancan na maza? Da yake ina jin Fillanci, kika zaɓe ni in riƙa yi miki tafinta ranar Asabar. Mun shiga gidaje a Jajaye, mun zauna a rugage. Me ya sa a ruga mace ke kafa bukka, a gari kuma gini na maza ne? Me ya sa namiji ke gasa tsire a kasuwar Karaye, amma a gidansa ba ya taɓa tukunya? Tsofaffi su yi dariya su ce, "Haka muka taras." Ke ma ki yi dariya ki ce, "To Inna, a hannun wa kuka taras?" Ban taɓa ganin kin raina amsar kowa ba.

A daminar bara mahaifiyata ta rasu, ta bar ni da ƙanne uku, duk maza. Bayan sadakar arba'in Goggo Hajo, yayar mahaifina, ta ce in bar karatu in koma Turawa in riƙe murhu, domin magidanci ba ya girki. Ban gaya wa kowa ba. Ke kika lura na fara rabar da littattafaina.

Ba ki je roƙon mahaifina, Baffa, ba, tambayoyin bincikenki kika kai masa. Yana jin Hausa sarai, amma kika ce in yi tafinta kamar kullum. Ni 'yar fari ce, Baffa ko sunana ba ya kira saboda kunya, ni ma ban taɓa doguwar magana da shi ba. Ranar, kaina a sunkuye, da bakina na tambaye shi:

"Baffa, ta ce idan kun tafi kudu da shanu da rani, wa ke muku tuwo?"

"Mu da kanmu mana."

"Ta ce ba ya gudaji?"

"Tuwona? Ta tambayi duk wanda ya taɓa bi na kiwo!"

"Ta ce wutar daji da ta gida, akwai bambanci?"

Baffa ya juya yana kallon murhun Inna. Kika sha fura, kika yi godiya, kika tafi. Ran Lahadi shi da kansa ya mayar da ni makaranta a keke.

Riƙe murhun da ya yi bai zo masa da sauƙi ba. Goggo ta daɗe ba ta taka gidanmu ba. A kasuwa abokansa kan ce, "Halliru uwargida, yau me aka ɗora?" Ya ce, "Miyar kuka ce, wanke hannu ka biyo ni."

Ranar sadakar ukunki, matan unguwa suna ta aiko da abinci gidanku kamar yadda aka saba, sai ga Baffa daga Turawa da fanteka ɗaure a bayan keke. Mijinki, Malam Muntaka, ya karɓa ya ce a yi wa mutanen gida godiya. A gaban dattawan da ke zaune a tabarma Baffa ya ce, "Ni na tuƙa." Babu wanda ya yi dariya. Aka wanke hannu, aka ci.

Malama, ba ki kai ga kammala bincikenki ba, amma ga ni a aji huɗu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Muntaka da 'yarku Adama, da iyayenki, da malamanmu. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki tare da na Innata. Yadda kika zama sanadin da wuta ba ta mutu a murhunmu ba, Allah Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Amin.

Sauda Halliru, Turawa