Kwaɗon Kaka a Gefen Sufra

Har yau idan na je walima na ga an jera 'yan faranti na salatar gyaɗa a gefen shinkafa, sai na kau da kai. Mata na ci suna santi, wannan ta ce daga Sham aka kawo ta, waccan ta ce a'a, ta mutanen Sudan ce. Ni ban san ta sauran duniya ba. Amma wadda ake ci a layinmu na Jarwal, a Makka, na san inda aka haife ta, na kuma san wadda ta sace ta.

Kakata ce ta ƙirƙiro ta, mahaifiyar Inna, kuma ba salata take ce mata ba, kwaɗo take cewa. A garinsu, can ƙasar Kano, kwaɗo rama ce ko zogale a dafa, a daka ƙuli a zuba, a cika akushi a ci a ƙoshi. To, sai ga su ita da Inna da Baba a hanyar hajji, tafiyar ƙasa, shekara goma sha ɗaya. A hanyar aka haife ni. Mun daɗe a gonakin auduga na Sudan, inda Baba yake ƙwadago, kuma a can itace wahala yake, ba mai lokacin tatsar mai balle ya soya ƙuli. Sai Kaka ta koma wa ɗanye. Ta yanka tumatir da ganyen jarjir, ta murje albasa da gishiri, ta gasa barkono a garwashi, ta daka soyayyar gyaɗa har ta yi laushi ta dama da lemon tsami. Ba ta taɓa awo ba, hannunta ne ma'auni. Mu kewaye akushi, hannu huɗu, shi ne abincin rana, sau da yawa shi ne na yinin duka.

Kaka ta ga teku amma ba ta haye ba. A Sawakin ta rasu muna jiran jirgin ruwa. Abin da ta bar wa Inna akushin nan ne, mai tsaga an ɗinke da waya, sai kuma kwaɗon.

Mun shigo Makka bayan babban yaƙin Turawa ya lafa, ina da kamar shekara goma. Muka sauka a unguwar Jarwal wajen Baffa, yayan Baba, wanda ya riga mu zuwa da daɗewa har ya auri haifaffiyar gari. Ita ma jikar Hausawa ce, kakanta da ƙafa ya zo kamar kowa, amma in ka ji tana magana sai ka rantse daga sama aka sauko da su. Ranar farko na durƙusa na ce mata Gwaggo, ta yatsine fuska ta ce, "Gwaggo kuma? Aibu! Ammati za ki ce." Mu kuwa sunanmu a bakinta 'yan hanya. Ta ba mu ɗakin ƙasa kusa da randunan ruwa. Tun daga ranar na tsane ta, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A gidanta cin abinci doka gare shi. A shimfiɗa sufra, wato shimfiɗar cin abinci, a ɗora tiren shinkafa a tsakiya, salata kuma a ɗan faranti a gefe, kowa ya ɗan ɗiba don ta taya shi haɗiye loma. Inna, baiwar Allah, ba ta san haka ba. Kwana uku da zuwanmu ta haɗa kwaɗo cike da akushi don ta gode wa masu gida, ta hau da shi ta ajiye a tsakiyar sufra, inda a saninta nan babban abinci yake zama.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji matar Baffa, ta sa ɗan yatsa ta ture shi. "Ya uhti, nan ba turken awaki ba ne. Ciyawa a tsakiya? Sauka da shi, yalla. Abincin yunwa ya ƙare a hanya."

Inna ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, ban sani ba." Ta ɗauka ta sauko. Muka ci a ɗakinmu, tana ci hawaye na ɗiga a hannunta.

Haka aka shekara uku. Baba na ɗaukar ruwa a garwa yana kai wa gidaje, Inna na soya gyaɗa tana sayarwa a bakin layi, kwaɗo bai sake taka matakala ba. Sai wata rana maƙwabciyarmu, matar mai gidan burodi, ta shigo aron turmi ta tarar muna ci. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta zauna dirshan. Da za ta fita ta ci karo da matar Baffa a tsakar gida ta ce, "Ma sha Allah, kuna da wannan a gida kuka ɓoye mana?" Daga ranar matar Baffa ta tsiri tsayuwa a ƙofar ɗakinmu duk lokacin da ta ji turmi. Bakinta na tsine wa warin gyaɗa, idonta na kan hannun Inna.

Da aka haifa mata jikan fari aka yi babban suna. Ta sauko da sassafe da kwandon tumatir ta ce Inna ta yi mata "abin nan naku", amma kada ta fito, ta zauna a madafa don aiki ya yi yawa. Inna har murna ta yi. Ni aka sa jigilar faranti bayan azahar, ina da shekara goma sha uku, ga baki kamar reza. Matar Baffa da kanta ta rarraba kwaɗon a ƙananan faranti na tangaran, ta jera a gefen shinkafa. Mata suka ci, suka nemi ƙari. Wata dattijuwa mai zoben zinare ta tambaya wace salata ce wannan.

"Ta sittina ce, Allah yarhamha," in ji matar Baffa, wai marigayiya kakarta take nufi, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "A gidan wani babban Baturke ta koya. Ba kowa nake yi wa ba."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kaka tana kwance a rairayin Sawakin, ko dutse babu a kanta, ga wata nan ta kwashe abu ɗaya da ya rage nata ta miƙa wa Baturke. Na sauka a guje, na ɗauko akushi da ragowar da ke ciki. Inna ta ce, "Ke, ina za ki da shi?" Ban waiwaya ba. Na hau, na ture tiren shinkafa har miya ta fantsama a rigar wata, na dire akushin a tsakiya.

Na ce, "Ƙarya take yi! Kwaɗon kakata ne. A gonar auduga ta fara shi, da shi muke yini in babu komai. Ga uwata can a madafa, ita ta yi. Kuma nan ne mazauninsa, ba gefe ba."

Na zaci za su juya su dube ta da kunya. Sai wata ta dubi wayar da aka ɗinke akushin da ita ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Dattijuwar nan ta janye hannunta daga faranti ta goge yatsu. Matar Baffa ta ce, "Kun gani ko? Haka 'yan hanya suke, ka ba su ɗaki su nemi rufin." Ta ɗauki akushin ta cilla shi ta matakala. Na ji ƙarar rabewarsa tun kafin ya kai ƙasa.

Kafin sati ya zagayo Baffa ya ce wa Baba zama ya ƙare. Muka koma unguwar Hindawiyya, cikin sandaƙa, ɗakin da ake yi da buɗaɗɗun garewani, wanda da rana kamar tanda yake. Inna ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ni na san uwata, ba sai sun san ta ba. Da suna cin abincinta suna sa albarka. Ke kika sa suka yi mata dariya." Ba ta sake yin kwaɗon ba. In na roƙe ta ta koya min sai ta ce na je na tambayi bakina. Bayan na yi aure na gwada ya fi a ƙirga, kayan duk na san su, amma ko tsami ya yi yawa ko gyaɗa ta kwanta. A gidan Jarwal kuwa salatar sittina ta yi suna, har maƙwabta suna zuwa koyo.

Shekara tara bayan nan Inna ta rasu. Ranar uku ana zaman makoki, an kawo shinkafa da waken hummus kamar yadda mutanen Makka suke yi, sai ga matar Baffa ta shigo tana dogara sanda, da wani abu a rufe a hannunta. Ta yi min gaisuwar da kowa ke yi. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye ɗan farantin tangaran a gabana, a gefen sufra.

Na so in ture shi. Wallahi na so. Amma ƙamshin gasasshen barkonon ya riga ya shiga hancina, na kai loma ɗaya. Hannun Inna ne sak, hannun Kaka ne, ba abin da ya ragu. Duk shekarun da na yi ina hura hanci a kan wa ke da shi, ita tana tsaye a ƙofa tana kallon yadda ake yi. Na cinye tas, na suɗe farantin ina kuka a gaban mata. Ta zauna tana kallona har na gama, ta miƙo hannu ta karɓi farantinta ta tafi.

Ban yafe mata ba. Ban kuma taɓa iya buɗe baki na ce ta koya min ba, har ta mutu.